Sunan da Na Soke da Jan Biro

Ni ce nake riƙe da jerin sunaye a ƙungiyarmu. Ba wai na fi kowa tausayi ba ne. Aikina a ofis lissafi ne, kuma rubutuna yana karantuwa, shi ya sa aka ɗora mini. Ƙungiyar ba wata babba ba ce: ma'aikata ne da 'yan kasuwa da malaman makaranta, kowa ya ciro wani abu daga samunsa a ƙarshen wata, mu tara, mu sayi kayan abinci, mu kai wata unguwa mai cunkoso a gefen birni mu raba. Shekara uku muna haka, muna komawa gida da hotuna da sanyin zuciya.

Rabon da ya kawo ƙarshen wannan tsari ba zan manta da shi ba. Tun gari bai waye ba layi ya kai bakin titi. Kati 300 muka buga, amma waɗanda suka zo sun ninka haka. Da rana ta take sai aka fara turereniya, ƙyauren makarantar da muka ara ya ɓalle, wata tsohuwa ta faɗi aka tattake mata hannu. Ina zaune a tebur ina kiran suna, na lura wani matashi ya zo gabana sau uku, kowane zuwa da kati daban da riga daban. Da yamma muna fita sai ga buhunanmu, da tambarin ƙungiya a jiki, an jera a bakin hanya ana ciniki.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma a taronmu na gaba na zazzage abin da ke cikina. Na ce mutanen nan ba su da godiya. A cikinmu akwai wata dattijuwa da ta yi ritaya daga aikin jin daɗin jama'a, duk muna ce mata Gwaggo. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "'Yar nan, wanda ya sayar da buhunsa ba sata ya yi ba. Kuɗin haya ake binsa, mai gida kuwa ba ya karɓar buhu. Amma bar wannan. Wa ya rubuta miki sunayen?"

Na ce masu faɗa a ji na unguwar ne suka kawo.

Ta ce, "To wanda ke kwance ba ya iya tashi, wa ya tsaya masa a layi? Matar da ta fita aikatau tun asuba don kada a ba wata gurbinta fa? Wanda kunya ta hana shi fitowa fa?" Ta tuna mana ayar nan ta Suratul Baƙara da ke maganar mabuƙatan da wanda bai san su ba zai ɗauka mawadata ne saboda kamun kai, ba sa naci wajen roƙon mutane. Ta ce layi masu ƙafa da masu murya yake tarawa, kuma shekara uku su muke ciyarwa.

A ranar aka yanke shawarar dakatar da rabo, mu shiga unguwar gida-gida mu rubuta sunayen da kanmu. Mutum biyu sun daina ba da gudummawa saboda wannan. Ɗaya ya ce shi sadaka ya bayar, bai ba da kuɗin bincike ba. Ban ga laifinsa ba a lokacin, don ni ma zuciyata ba ta kwanta ba.

Matsala ta farko ita ce takardar tambayoyi. Me za a tambayi mutum a gane talaucinsa ya fi na maƙwabcinsa? Na fara da ma'aunin Bankin Duniya, wanda a lokacin ya ce mai rayuwa a ƙasa da dala 2.15 a rana yana cikin matsanancin talauci, kafin su ɗaga shi zuwa dala 3 a watan Yunin 2025. Ma'auni ne mai amfani ga masu ƙidayar ƙasashe. A bakin ƙofar ɗaki kuwa ba ya tsinana komai, domin mai dako ko mai talla bai san samunsa na wata ba. Yau ya samu, gobe da jibi babu, gata ya ci bashi. In ka matsa masa sai ya faɗi abin da yake ganin kana son ji.

Sai muka koma ga wani ma'auni da wata cibiya ta Jami'ar Oxford da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2010. Shi ba ya tambayar kuɗi. Abubuwa 10 yake dubawa a ƙarƙashin lafiya da ilimi da yanayin zama, daga cikinsu: ko akwai mai tamowa a gidan, ko an rasa yaro, ko yara na zuwa makaranta, ruwan sha, makewayi, lantarki, abin da ake girki da shi, ginin gidan, da 'yan kayan da aka mallaka. Na kwafe shi kusan yadda yake. Gwaggo ta karanta ta ajiye, ta ce in ƙara haya. Ta ce talaucin birni haya ce ƙashin bayansa. A birni komai saye ake yi: wurin kwana, ruwa, makewayi, har zuwa wurin neman aikin ma sai da kuɗin mota. Mutum zai iya zama a ɗaki mai siminti da wayar lantarki a bango, takarda ta nuna yana da rufin asiri, alhali wata biyar ake binsa kuma an ba shi wa'adi. Muka ƙara tambayoyi: wata nawa ake bin ku, mutum nawa ke kwana a ɗakin nan, sau nawa kuka tashi a shekara biyu, akwai mai ciwon da ke cin kuɗi kullum.

Ita ce ta ba mu labarin Charles Booth, wani attajiri mai jiragen ruwa da ya fara binciken talaucin Landan a 1886, ya bi birnin titi-titi, ya fitar da taswira mai launuka, kowane titi da launin halin mazaunansa. Ya tarar kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen birnin suna cikin talauci, a birnin da ya fi kowane arziki a duniya a zamanin. Ta ce tun a wancan lokaci masu taimako a Landan suke gardamar wa ya cancanta, wa bai cancanta ba, kuma har yau ba a gama ba, don haka kada mu sa rai mu za mu gama ta a wata uku.

Muka rabu bibbiyu, mace da namiji, kowace Asabar da Lahadi. Abin da ya fara ɗaure mana kai shi ne babu adireshi. Lunguna ba suna, gidaje ba lamba, gida ɗaya ɗakuna 14, kowane ɗaki iyali guda, wani ɗakin ma an raba shi da labule iyali biyu. Dole muka zana taswirarmu da hannu, muna sa alama da rijiya ko turken lantarki ko kwata. Sati na uku ne wani yaro ya ja ni da hannu ya kai ni bayan wani gini da ba a gama ba, inda iyalai ke zaune a ƙarƙashin bene, sun toshe tagogi da kwali. Ba su cikin kowane jeri da aka taɓa kawo mana, domin a wurin masu faɗa a ji su baƙi ne, ko da wasunsu sun shekara bakwai a wurin. Haka abin yake a manyan birane. Fiye da mutum biliyan 1 ne a duniya ke zaune a irin waɗannan unguwanni, da yawansu ba su cikin rajistar kowa. A 1985 wata ƙungiya mai suna SPARC ta ƙidaya masu kwana a gefen titunan birnin Mumbai na Indiya, kimanin gidaje 6,000, don kawai ta nuna wa hukuma cewa suna nan, suna aiki, ba 'yan wucewa ba ne.

Dokar Gwaggo ita ce kada mu yi wa kowa alkawari. Mu gaisa, mu faɗi ko mu su wane ne, mu ce rubutu kawai muke yi. Faɗa da baki ne mai sauƙi. In mace ta riƙe miki hannu ta ce, "Malama, kin rubuta ni ko?" sai ki rasa inda za ki sa idonki.

A sati na biyar na shiga wani ɗaki a can ƙarshen wani gida, dab da makewayi. Ɗakin tsaf, an share, labule wankakke. Matar za ta girme ni da 'yan shekaru, tufafinta ba datti, ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa. A kusurwa akwai talabijin, an lulluɓe ta da farin ƙyalle mai ado.

Na ce, "Yaya, mutum nawa ne a ɗakin nan?"

Ta ce ita da 'ya'yanta huɗu, maigidan ya rasu.

"Kuna samun abinci?"

"Alhamdu lillahi, Malama, muna cikin rufin asiri."

"Yara suna makaranta?"

"Suna hutu."

Na tambayi haya, ta ce ana lallaɓawa. Na duba ƙasa siminti, na duba bango ga waya da ƙwan fitila, na dubi talabijin. Na cike takarda cikin minti goma na yi sallama. Da dare ina haɗa maki, nata ya fito can ƙasa, cikin waɗanda suka fi dama-dama. Na ɗauki jan biro na ja layi a kan sunanta. Har na ji daɗin samun gida ɗaya da ba sai na yi dogon tunani a kansa ba.

Bayan mun gama zagaye, ba mu tsaya ga makin takarda kaɗai ba. Mun kira taro lungu-lungu, muka karanta sunayen da suka fito, muka ce wa mutane su gyara mana. Akwai wani gwaji da aka yi a ƙauyuka 640 a Indunusiya, inda aka kwatanta zaɓe da takardar maki da zaɓen da jama'a suka yi da kansu. Aka ga inda jama'a suka zaɓa an fi gamsuwa, ƙorafi ya ragu, amma gidajen da aka tattauna a ƙarshen taro, bayan kowa ya gaji, an fi yin kuskure a kansu. Saboda wannan muka riƙa yin taro gajere, muna cakuɗa sunayen, kada na ƙarshen lungu ya zama kullum shi ne na ƙarshen magana. Kuma mun raba taron mata da na maza, domin a taron farko da muka haɗa, maza uku ne suka cinye lokacin.

A taron matan wannan lungu ne wata mai sayar da ruwa ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malama, ban ji sunan maƙwabciyata ba, ta ɗakin ƙarshe." Na duba littafi na ce an je wurinta, tana da hali daidai gwargwado, har talabijin gare ta. Matan suka kalli juna. Wata ta yi 'yar dariyar da ba ta daɗi ba. Mai ruwan ta ce, "Wata uku ke nan ina ba ta jarka bashi. Ban taɓa tambaya ba, ita ma ba ta taɓa roƙo ba. Ajiyewa nake yi a ƙofarta in wuce."

Gwaggo ta ce mu koma, amma da almuru, lokacin ɗora tukunya. Muka isa, kowace ƙofa a gidan hayaƙi na tashi, ban da tata. Gwaggo ba ta fito da takarda ba. Ta zauna ta miƙe ƙafa kamar ta zo hira, ta tambayi sunayen yaran, ta tambayi ciwon da ya kashe maigidan, ta yi ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar. Sai can ta ce, "'Yata, jiya me kika dafa?" Matar ta yi shiru. "Shekaranjiya fa?" Ta sunkuyar da kai. Ƙaramin yaron ne ya ce jiya a ɗakin maƙwabta suka ci.

Da Gwaggo ta tambayi takardar haya, matar ta tashi ta ɗage farin ƙyallen nan, ta juya talabijin ɗin. Bayanta a buɗe yake, cikinta fayau. Tun maigidan na jinya aka sayar wa mai gyara da kayan cikin, kwankon ya rage. A ciki take ajiye katin asibiti da takardun haihuwar yara da rasiɗan haya, don ɓera da damshi. Ta ce shi ya saya shekarar da aka haifi babbar 'yarsu, shi ya sa ba ta jefar ba. Wayar lantarkin da na gani an yanke ta tun bara. Hutun da yara ke yi ya shiga zango na biyu. Haya wata bakwai.

A hanyar komawa ban ce uffan ba. Gwaggo ma ba ta yi mini faɗa ba, ta ce kawai kada in ƙara tambayar mai kunya ko ya ci abinci, domin amsar ɗaya ce. A tambaye shi me ya dafa, da me ya dafa, yaushe rabonsa da kaza. Washegari na fito da takardun duk gidajen da na soke saboda wani abu da na gani da ido, rediyo ko firji ko kujera, muka sake bin su. An samu wasu irin nata. An kuma samu akasin haka: ɗakin da na tarar wayam, ashe an kwashe kayan zuwa maƙwabta da aka ji muna tafe.

Daga nan sai wurin da ya fi ci mini rai. Kuɗin da muke da shi, in za a yi abin kirki, gida 40 zai ɗauka. Waɗanda suka cancanta sun ninka haka sau da yawa. Tsakanin na 40 da na 41 babu wani bambanci da zan iya kare shi a gaban kowa. Mun ja layin ne inda kuɗi ya ƙare, kuma na ga gara a faɗa wa mutane haka ƙarara da a bar su suna zaton an auna su an ga ba su kai ba. Mun faɗa. Wasu sun karɓa, wasu sun zage mu, wata ta daina amsa gaisuwata har yau.

Gardama ta gaba a cikin gida aka yi ta: me za a ba su? Ma'ajinmu, ɗan kasuwa ne, ya dage a kan rance. Ya kawo labarin Muhammad Yunus, wanda a 1976 ya ranta wa mutum 42 dala 27 a ƙauyen Jobra na Bangaladash, abin da ya haifi Bankin Grameen a 1983, har ya kai shi ga kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2006. Ya ce rance yana juyawa, kyauta kuwa in ta tafi ta tafi. Magana ce mai kama hankali. Sai dai a 2015 an fitar da sakamakon gwaje-gwaje shida a ƙasashe daban-daban, har da unguwannin talakawa na birnin Hyderabad na Indiya, kuma abin da aka gani shi ne ƙaramin rance yana taimakon wasu, musamman masu sana'a a hannu, amma ba ya fitar da yawancin mutane daga talauci. A Bangaladash ɗin ma, ƙungiyar BRAC ta lura cewa na can ƙasa ba sa ko zuwa karɓar rancen, suna tsoron ranar biya. Shi ya sa a 2002 ta fito da wani tsari daban: a ba mutum jari kyauta, a haɗa masa da ɗan kuɗin cefane na wasu watanni don kada ya cinye jarin, a koya masa sana'ar, a sa shi ajiya, a riƙa ziyartarsa a kai a kai har kusan shekara biyu. An gwada shi a Habasha da Gana da Honduras da Indiya da Pakistan da Peru, aka ga ribarsa ta ɗore bayan an janye hannu, ban da Honduras, inda cuta ta kashe yawancin kajin da aka raba.

Wannan tsari muka ɗauka, da sanin cewa galibi a karkara aka gwada shi, da dabbobi. A ɗakin haya babu inda za a ɗaure akuya. Sai mun nemi abin da zai yi daidai da birni.

Kuɗin cefanen ma sai da aka yi ja-in-ja a kansa. Wani dattijo a cikinmu ya ce in aka ba su kuɗi a hannu, a shaye-shaye zai ƙare. Wani matashi ya kawo nazarin da masu bincike na Bankin Duniya suka yi a 2014, inda suka tattara bincike 19 kan tallafin kuɗi, ba su ga ya ƙara sayen giya da taba ba. Dattijon bai gamsu ba, amma ƙuri'a ta kayar da shi. Muka riƙa turawa ta waya kowane sati, kaɗan-kaɗan, wanda ba shi da waya a miƙa masa a hannu ya dangwala.

Mun so mu sayi kekunan ɗinki da yawa don a yi mana ragi. Allah ya sa muka tambaya tukuna. Da na je wa Yaya, matar nan mai talabijin, da maganar, ta ce, "Malama, a lungun nan kaɗai masu ɗinki tara ne, wa zai kawo mini?" Ita wanki take yi wa mutane in ta samu, amma kuɗin ruwa ke cinye ladan, domin jarka-jarka take saye, kuma ba ta da dutsen guga, don haka rabin aikin kawai ake ba ta. Abin da ta nema shi ne babban duro biyu da za ta riƙa sayen ruwa a sari, da bahuna, da igiya, da dutsen guga na gawayi tunda ba wuta. Duka bai kai kuɗin keke ɗaya ba. Da abin da ya rage muka rage mata bashin haya, bayan mun zauna da mai gidan ya yarda a rubuce ba zai tashe ta ba cikin shekara. Wasu sun zaɓi kura ta dako, wasu kayan aski, wasu kayan gyaran takalmi, wasu tebur da ɗan jarin kayan masarufi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ajiya muka kafa a rukuni-rukuni, irin tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a Nijar a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, wanda yanzu ya yaɗu a ƙasashe da yawa: akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mutum uku daban, akwatin a hannun na huɗu, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Watanni biyun farko bai yi armashi ba. Mai samun kuɗi kullum-kullum ba ya iya riƙe shi har ranar taron sati, kafin ranar wata buƙata ta lashe shi. Sai muka kwaikwayi matan ƙungiyar Mahila Milan na Mumbai, waɗanda ke bin ƙofa-ƙofa kullum suna karɓar ko nawa ne. Mai ruwan nan ita ta ɗauki aikin a lungunsu, tunda dama tana zagaya kowace ƙofa. Ta zama ita ce ke fara sanin wa ke ciwo, wa aka ba wa'adi.

Ziyarar sati-sati ita ce aikin da ba wanda ke son biya. Masu ba da gudummawa suna son jin kowane kwabo ya shiga hannun talaka, ba sa son ganin kuɗin mota da katin waya a rahoto. Na daina ɓoye shi a ƙarƙashin wasu sunaye, na riƙa rubuta shi a layinsa. Mun kuma daina ɗaukar hoton fuskar kowa, wanda ya sa rahotonmu ya zama ba shi da ƙayatarwa, gudummawa ta ɗan ja baya.

Ba duka aka yi nasara ba. Wani mai kura ɗansa ya kwanta asibiti, a sati ɗaya ya sayar da kurar, kuma da ni ce da na sayar. Wannan ne ya sa muka ware asusun gaggawa na jinya, abin da ya kamata mu yi tun farko. Wani mai gida da ya ga tebur a ƙofar 'yar hayarsa ya ƙara mata haya nan take. Wani mutum ya karɓi kayan aski ya ɓace, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Mafi muni, wata safiya aka zo da motar rusau aka share ginin nan da ba a gama ba da rumfunan da ke kewaye da shi. Iyalai shida daga cikin namu suka watse a rana ɗaya. Mun gano huɗu ta waya, a unguwanni masu nisa da inda masu ba su aiki suke, sai da suka fara daga tushe. Biyu har yau layinsu a kashe. A nan na gane iyakar abin da ƙungiya irin tamu za ta iya. Ba mu da ikon hana rusau, ba mu iya sa famfo ko gina asibiti, kuma duk wanda ya ce maka sadaka kaɗai za ta kawar da talaucin birni bai taɓa tsayawa a kan ɓaraguzai yana kiran lambar da ba ta shiga ba.

Da shekara biyu ta cika muka sake zagayawa da takarda, wannan karon da almuru. Fiye da rabi suna tsaye da ƙafafunsu, ana ɗora tukunya, yara sun koma aji, akwai ɗan abu a akwati. Wasu suna tangal-tangal, ciwo ɗaya zai iya mai da su inda suka fito. Kaɗan sun koma ɗin. Yaya tana cikin na farko, ko da yake ba wani arziki ta yi ba: tana wanki da guga wa gidaje da dama, babbar 'yarta na taya ta bayan makaranta, haya saura wata ɗaya ake binta, hannayenta duk sun tsattsage da sabulu. Talabijin ɗin na nan a kusurwa da ƙyallenta, yanzu har littafin ajiya a ciki yake kwana.

Ranar da na je yi mata bayanin cewa tallafin ya ƙare, za mu buɗe sabon jeri, tana guga ba ta ɗago ba. Ta hura gawayin, ta gwada zafin dutsen a kan wani tsumma, ta ce, "Malama, akwai wani tsoho a gida na uku daga nan, ɗakin da ke bayan tanki. Kullum za ki gan shi da farar riga a goge, ni nake goge masa. In kin je zai ce miki lafiya lau. Kada ki je da safe."

Na fito da littafi na rubuta: gida na uku, bayan tanki, farar riga. Na tambaye ta sunansa, ta ce ita dai Baba take ce masa.